Zagaye Ɗaya

A ɗakin zaure, a Gangare,
na yi shekara biyu ban ga tsayuwar wata ba.
Bargo a ka, waya a hannu,
igiyar caja ta riƙe ni kamar akuya a turke.
Sanyin Jos na cin kunne, ni ban ji ba,
yatsuna na can wani tsibiri
suna harbin mutanen da ba uwar da za ta yi kukansu.

A can sunana Damisa,
ina da bindigar zinare da rigar da ba ta datti.
A nan sunana Munzali,
mai bashin data dubu huɗu a shagon Gyang.

Inna ta ce tuwo zai huce.
Na ce, zagaye ɗaya.
Ladan ya kira, na ce, zagaye ɗaya.
Jarrabawa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa,
ta gaji, ta tafi da sunana a ƙasan takarda.

Kuɗin kabeji buhu uku
da Baba ya ce in kai wa mai mota a Farin Gada,
na mai da su lu'ulu'un da ba ya shiga aljihu.
Baba bai ɗaga hannu ba. Ya dube ni kawai,
irin kallon da ake yi wa tsohon ramin kuza:
ruwa kwance a sama,
ba wanda ya san abin da ya haɗiye.

Ranar Laraba ce.
Aka ce in ɗauko Nazifi a makaranta ƙarfe biyu.
Saura mu huɗu a fili, da'ira na tsukewa.
Hadari ya taso daga Dutsen Shere.
Ƙanƙara ta hau dukan kwano kamar ana jifa,
na ƙara sauti a kunne.
Na ci.
Waya ta ce ni ne gwarzo.

Huɗu da rabi ya shigo,
ɗan shekara shida, takalmi ɗaya a hannu,
leɓe ya dushe, jaka na ɗigar ruwa.
Bai yi kuka ba.
Haƙora na kaɗawa ya ce,
"Yaya, ka ci?"

Kwana biyar a asibiti ina ƙirga numfashinsa,
waya na motsi a aljihu kamar kunama:
Damisa, ina ka shiga?
Dare na uku na goge wasan.
Dare na huɗu na dawo da shi, ba zan ɓoye ba,
na buga a bayan ɗakin magani,
na dawo ina jin warin kaina.
Da asuba na miƙa wa Inna.
Ta naɗe a leda, ta sa a ƙasan adaka,
ta ɗaure makullin a bakin zani.
Ko uffan.

Mako uku babban yatsana na latsa iska cikin barci.
Na yi faɗa da ƙofa, da buta, da kowa.
Ashe yini tsawo gare shi haka?
Na rasa inda zan ajiye hannuwana,
sai Baba ya ajiye su a cikin bahon wankin karas.

Yanzu ƙarfe shida ina Farin Gada,
ruwa na yanka fata, tafin hannu ya tsage.
Ƙaramar waya mai tocila ce a aljihuna.
Gyang ya karɓi ɗari biyar ɗin ƙarshe,
ya ja layi a littafi, ya ce in gai da yaron.

Ban warke tas ba.
Jiya a a-daidaita wani saurayi na bugawa,
ƙarar harsashin ta kira ni da tsohon sunana.
Na sauka kafin Terminus, na ƙarasa a ƙafa.

A gida Nazifi na jira a tsakar gida,
ya ɗare bayana, ya kama wuyan riga.
Muka zaga rijiya har na yi haki.
Na ce sauka, doki ya gaji.
Ya ce, "Yaya, zagaye ɗaya."